Kafaɗar Baffa Sani

Duk yaron da ya shigo filinmu na unguwar Sa'alaba a nan Jidda ya tarar da ni zaune a kan tsohuwar tayar mota, usur a wuya, kofin shayi a hannu, na san abin da yake faɗa a ransa: wannan tsoho ya samu aikin hutu. Wasu ma ba sa ɓoyewa. Kwanan baya wani ya dube ni ya ce, "Ya Kabtin, zaɓen ɗan wasa ai ba wuya. Ka jera su, ka ɗauki wanda ya fi tsawo, halas, shi ke nan." Na ce masa to madalla, gobe sai mu tuge falwayar bakin titi mu sa mata jesi ta buga mana tsakiya. Sauran suka kwashe da dariya, shi kuwa ya tsuke fuska. To ku matso ku zauna, tunda kun ɗauka zaman taya shi ne sana'ar.

Sunana Isa, amma ba mai kirana da shi sai ranar da na je sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan. Kowa Kabtin yake cewa, har tsofaffin unguwa. Na zo Jidda ina saurayi a ƙarshen shekarun saba'in, na biyo mahaifina wanda ya zo sauke farali bai koma ba. Ƙungiyarmu ta unguwa ce, ba kulob ba. Muna da ƙanana, muna da manya, tsakaninsu kuma ƙofa ɗaya ce, ni ke tsaye a bakinta. Ni nake cewa wannan ya isa ya shiga, wancan ya ƙara shekara. Wanda na tsayar yakan yi wata bai gaishe ni ba, uwarsa kuwa ta fi haka.

Aikina na farko ba ruwansa da ƙwallonmu. Wani kamfanin Turawa yana da gidajen ma'aikata can arewacin gari, an kewaye su da katanga, a tsakiya ga fili mai ciyawa shar. Ni aka ɗauka in riƙa ba ta ruwa, safe da yamma ina jan tiyo. Cikin Turawan akwai 'yan Ostareliya, kuma duk Alhamis bayan la'asar sai su fito da wata ƙwallo mai siffar ƙwai, su hau ciyawar da na sha wahala a kanta su tattake. Ran da na fara gani na ɗauka faɗa ne ya kaure. Suna riƙe ƙwallo da hannu, suna naushinta, suna shurinta. Da idona na ga wani saurayi ya rugo ya ɗora gwiwa a gadon bayan wani mai furfura, ya haye kafaɗarsa ya cafe ƙwallo a sama. Na yar da tiyo na tsaya jiran a wanka masa mari. Sai na ga mai furfurar ya miƙe yana tafa masa. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su da manya.

Abin da ya zauna mini a kai shi ne yadda suke fara wasa. Alƙali zai tura ƙwallo sama, dogaye biyu su rugo su yi tsalle, kowa yana so ya riga taɓa ta da tafin hannu ya aika wa gajerun da ke jira a ƙasa. Mai kula da su wani ne da muke kira Abu Shanab saboda gashin bakinsa. Wata shekara samari biyu dogaye suka zo kamfanin, kuma ɗaya kawai zai saka a wasan da za su yi da mutanen wani kamfani. Ina tsaye kusa da shi da tiyona. Ɗaya daga cikinsu yana tashi sama kamar an harba shi, kusan kowace ƙwallo shi ke taɓawa. Na nuna shi da baki na ce, "Haza kwayyis," wato wannan ya iya. Abu Shanab ya girgiza kai. Larabcinsa bai fi nawa ba a lokacin, sai ya kama haɓata ya sauke mini kai ya ce, "Shuf tahat." Dubi ƙasa. Na duba. Duk ƙwallon da mai tsallen nan ya taɓa, a hannun abokan karawa take sauka. Ɗayan kuwa ba kullum yake samu ba, amma in ya samu sai ka ga wani gajere ya riga ya isa inda za ta faɗo, kamar sun yi alkawari. Shi aka saka. Ban taɓa buga wasansu ba, har yau ban san dokokinsa ba, amma da kalmomi biyun nan na ci abinci shekara da shekaru.

Sauran aikin a hannun Kabtin Bakur, wanda ya riga ni riƙe ƙungiyarmu, na koye shi, Allah ya jiƙansa. Haifaffen unguwar Ammariyya ne, jikan wasu alhazai da suka zo da ƙafa tun zamanin da. Hausarsa a karye take, in ya fusata kuwa Larabci zalla. Na je masa ina so ya ba ni usur, ya miƙo mini bokitin farar ƙasa. Shekaru na yi ina zana layi, ina tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe kafin yara su iso. Turakun raga bututun ruwa ne muka samo a wurin gini, ragar kanta tsohon tarun masunta ce daga kasuwar kifi, wadda ta yi wata tana wari. In ƙwallo ta yage ni ke ɗinke ta da basilla da zaren kamun kifi, in sa famfo in hura, ya matsa da babban yatsa ya ce, "Lissa," wato da saura. Akwai kuma ƙwallon rataye, wadda muke ɗaurewa da igiya a jikin wani dogon bututu don koyon sa kai. A nan yakan tsayar da ni ya ce in faɗa masa abin da na gani. Yaro ya rufe ido lokacin da ƙwallo ta zo? Da goshi ya buga ko da tsakar ka? A kan ƙafa nawa ya sauka, kuma da ya sauka ina ya duba? In na ce ban lura ba, sai ya nuna mini bokiti. Ran da ya cire usur daga wuyansa ya rataya mini, bai ce komai ba sai, "Kada ka yawaita busawa."

Ku da kuka tashi kuna buga wasa a kan kafet ba za ku gane ba. Filayenmu na wancan lokaci tsakuwa ce da ƙasa mai gishiri. Ka tura ƙwallo a ƙasa ka ce ta je wurin Audu, sai ta ci karo da dutse ta tafi wurin Tanko. Don haka kowace ƙungiyar unguwa, in gola ya riƙe, sama yake bugawa, a tsakiya kuma akwai dogon mutum guda da aikinsa shi ne ya tare ta da ka ya sauke wa masu gudu. 'Yan Jidda suna ce masa amud, mu muna cewa ginshiƙi. In ginshiƙinku ya fi na wasu, ƙwallo taku ce yini guda. In bai kai ba, ku yi ta gudu a banza har magariba. Da na fara ganin haka na ce ashe dogon Abu Shanab ne, hannu kawai aka hana shi.

Mutanen da nake yi wa aiki kala-kala ne. Wani uba ya taɓa zuwa da ɗansa riƙe a hannu ɗaya, ma'aunin tela a ɗaya hannun, ya auna yaron a gabana ya ce in shaida. Wata uwa ta yi ta aiko mini da dambu har na fara jin nauyin kallon ɗanta, wanda ko ƙwallo a tsaye sai ya kuskure. Mutanen kulob sukan zo gasar unguwanni su tsaya daga nesa, amma su tambayarsu ta farko takarda ce, mai takardar ɗan ƙasa shi suke ɗauka, sauran yaranmu komai iyawarsu a unguwa suke ƙarewa. Shi ya sa shiga cikin manya a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Ga da yawa daga cikinsu, iyakar hawan ke nan. Sai kuma Alhaji Mudi mai shagon yadi a unguwar Bani Malik, wanda yake saya mana jesi kowace shekara. Mutumin kirki ne, bai san ƙwallo ba, amma ya san tsawo, kuma tunda shi ke sayen jesi yana ganin yana da baki a kan wanda zai sa shi.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda aka tsananta kamen marasa iƙama. Ka zo fili yau ka ga mutum, jibi a ce maka yana jirgi, an mayar da shi gida. A wata biyu ƙungiyar manya ta zube, har ba ma iya cika fili ko da mun haɗa da masu kallo. Cikin wannan hali mai filin ya zo ya kewaye shi da kwano zai yi gini, muka ɗauki turakun ragarmu a kafaɗa muna yawo da su kamar masu neman gidan haya. Na yi tunanin barin aikin in koma jan tiyo. Golanmu a lokacin Lawal ne, a kasuwar kayan miya aka kama shi da kwandon tumatir a hannu, aka fitar da shi daga ƙasar. Ya bar ɗa namiji ƙarami, Hamza, wanda uwarsa ta rasu tun yana goye. Yaron ya zauna hannun kakarsa da ƙanin ubansa, Sani, wanda yake da iƙama ta garejin da yake aiki.

Sani ne ya hana ni bari. Saurayi ne a lokacin, dogo, mai faɗin ƙirji, bai daɗe da zama ginshiƙinmu ba. Kullum bayan la'asar sai ga shi da man inji a hannu, Hamza a kan kafaɗarsa ya riƙe masa kunnuwa kamar sitiyari. Ko mu biyar ne sai ya ce a rataya ƙwallo. Shi ya gano mana wannan filin da kuke zaune a kai, yana juji, muka share. In mun je kallon wasan wasu unguwanni, cikin cunkoso, ba ka ganin Sani sai ka fara hango kan Hamza a sama da kowa yana ihu. Haka yaron ya koyi ƙwallo, daga sama yana kallon inda kowa yake tsaye. Sani bai yi aure ba sai da Hamza ya shiga makaranta.

Shekaru suka ja. Hamza ya zama saurayi, Sani kuma gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura bayan kowane wasa. Gasar unguwanni ta matso, kuma kowa ya san dole a ɗago sabon ginshiƙi daga cikin ƙanana. Guri ɗaya ne, samari biyu ne suka kai: Hamza da Usama.

Usama haifaffen Jidda ne, uwa da uba ma haka, Hausa yana ji amma da Larabci yake amsawa. Ya fi Hamza tsawo da kusan tafin hannu, ga wuya kamar turmi, ba ya tsoron kowa. In ya tashi sama sai ka ji masu kallo sun ja numfashi. Ƙwallon rataye sai da na ƙara wa bututunta tsawo saboda shi. Amma in ya buga, da ƙarfi yake bugawa, ta tafi can nesa, wani lokaci wurin namu, sau da yawa wurin wasu. Bai damu ba, shi dai ya ci tsallen. Hamza kuwa siriri ne, tsallensa bai kai na Usama ba, kuma iska mai ƙarfi tana iya gusar da shi. Sai dai kafin gola ya buga, za ka ga ya waiga sau ɗaya. Wannan waigen shi ne kuɗin yaron. Ya riga ya san inda Bilal yake, ɗan gajeren nan mai gudun tsiya da ke buga mana gefe, kuma in ƙwallo ta taɓa goshinsa ba duka yake yi ba, ajiyewa yake. Usama yana da abin da ba a koyarwa, wato jiki da zuciya. Hamza yana da abin da ake shekara goma ba a koya ba. A cikin ƙanana na riga na san wanda nake so. Amma ƙa'idar da na gada daga Kabtin Bakur ita ce, ba a ɗaga yaro sai ya tsaya gaba da gaba da mai gurin, a gaban kowa.

Ranar gwajin Alhaji Mudi ya zo da kujerarsa ta roba. Na sa Sani a gefen manya, na ce samarin su karɓi juna a ɗaya gefen. Usama ya fara. Bai ji komai ba, ya rugo ya banke Sani a sama, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauke ƙwallo ya aika ta bayan fili har cikin kwanon maƙwabta. Alhaji Mudi ya miƙe tsaye yana cewa, "Masha Allah! Kabtin, ka gani ko?" Na gani. Na kuma ga Bilal tsaye hannu a ƙugu ba wanda ya tuna da shi.

Sai Hamza ya shigo. Gola ya buga, Hamza ya waiga kamar yadda ya saba, ya rugo, ya kai daidai bayan Sani. Sai ya tsaya. Ya ɗan ɗaga dugadugansa kamar mai leƙen taga, Sani ya tashi shi kaɗai ya ɗauke ƙwallo. Na ce ƙila santsi ne. Ta biyu haka, ta uku ma ja da baya ya yi ya ba shi hanya. Na busa usur na kira shi gefe.

"Esh fik? Me ke damunka? Ƙafarka ce?"

"A'a, Kabtin."

"To me ya hana ka tashi?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da takalmi. Da ƙyar na ji abin da ya ce. "Kabtin, Baffa ne fa."

Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni a lokaci guda. Yaron da kakarsa ta tarbiyyantar, wanda ba ya zama a kujera in Baffansa yana tsaye, ba ya miƙa masa abu da hannu ɗaya, shi nake so ya danna masa ƙirji a kafaɗa ya ɗora kansa sama da nasa a gaban jama'a. Ni kaina da na yar da tiyo don na ga irin wannan, me zan ce masa? Alhaji Mudi ya naɗe kujerarsa ya ce, "Magana ta ƙare. Wancan yaron matsoraci ne. A ba Usama jesi." Na ce masa sai Alhamis mai zuwa zan yanke. Ya ce jesin dai yana shagonsa, in na gama tunani in aiko.

Washegari da hantsi na tafi garejin su Sani. Na same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafar hagu a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Ya fito yana goge hannu, ya aika a kawo shayi. Ban buɗe baki ba ya ce, "Na gani, Kabtin. Tun tsallen farko na gani. Na tashi ina jiran nauyinsa, sai na ji iska."

Na ce, "To ka yi masa magana a gida."

"In na yi zai ce to Baffa, ya sunkuyar da kai. Ranar Alhamis ya zo ya yi mini rabin tsalle don kada ya saɓa mini. Rabin tsalle ai gara babu."

"To bari in canza. In sa wani ya tsaya masa, kai ka huta."

Ya yi dariya. "Wa za ka ɓoye masa? Ginshiƙin Bani Malik a gidanmu yake cin tuwon sallah. Na Ammariyya Ammu yake ce masa, baffa ke nan da Larabci, shi ya koya masa tuƙi. Duk garin nan baffanninsa ne, Kabtin. In bai haye ni ba, ba zai haye kowa ba."

Gaskiya ya faɗa. Na juya kofin shayi a hannuna, sannan na ce masa abin da ya kawo ni da gaske. "Sani, ka san in ya tashi, kai za ka zauna. Ba na saka ginshiƙi biyu."

Ya dafa gwiwar ya ce, "Wannan ta daɗe da zama, ni ne ban bi ta ba. Ka ba mu Alhamis ɗin. Kuma in na ɗaga hannu, ka busa."

Alhamis ta zo, mutane suka fi na farko yawa, don labari ya zaga cewa ɗan Lawal ya ji tsoro. Usama ya sake yin abin da ya saba, ya ci sama, ƙasa ta tafi ga wasu. Hamza ya shigo. Gola ya buga, yaron ya rugo, ya kai bayan Baffansa, ya sake tsayawa. Wani daga cikin masu kallo ya yi tsaki. Sani ya ɗaga hannu, na busa.

Ya taka a hankali yana ɗingishi har gaban yaron. Sai ya juya masa baya ya ɗan rusuna, irin rusunawar da ake yi wa ƙaramin yaro in za a ɗauke shi, ya bubbuga kafaɗarsa ta dama da tafin hannu. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ka san wannan?"

Hamza ya ce, "Baffa, don Allah."

"Na ce ka san ta? Tun kana ɗan mitsitsi kake hawanta. A filin Ammariyya ka tsula mini fitsari a kanta ana tsakiyar wasa, ga Kabtin nan shaida ne."

Fili ya ɗauki dariya. Na ɗaga hannu na ce na shaida, har rigar na tuna. Hamza ya rufe fuska da tafin hannu.

Sani bai yi dariya ba. Ya miƙe ya juyo ya dube shi. "Ka ja mini kunne, ka ɗiga mini askirim a wuya, ka yi barci a kaina daga Bani Malik har gida. Ban taɓa ce maka sauka ba. Don me kake tsammani nake ɗora ka? Don ka ga abin da ni ba na gani. Yau da nake so ka hau, yau ne za ka ji kunyarta? Yalla, maza koma wurinka."

Dariya ta ɗauke. Hamza ya koma, yana share ido da gefen riga. Na ba gola alama, na busa.

Ƙwallo ta tashi sama sosai. Na ga Hamza ya waiga sau ɗaya. Ya rugo, kuma wannan karon bai rage gudu ba. Ya riga Sani barin ƙasa, ƙirjinsa ya sauka a kan kafaɗar nan, hannuwansa a buɗe ba turi ba riƙo, tsalle mai tsabta wanda ba alƙalin da zai busa. Kansa ya wuce na Baffansa. Ya karkata goshi kaɗan, ƙwallo ta sauko a hankali ta faɗi gaban Bilal, wanda ya riga ya fara gudu tun tana sama. Sani kuwa ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin ƙura.

Hamza yana sauka ya juya zai ɗaga shi. Sani ya daka masa tsawa daga zaune, "Bi ƙwallo, ya walad, kai yaro! Ni ka ga na ce ka taimake ni?" Yaron ya ruga. Sani ya zauna a wurin, ƙafa a miƙe, yana tafi shi kaɗai kafin sauran su kama. Mai furfurar nan na filin ciyawa ya faɗo mini a rai. Sai a ranar na gane ashe mutanen nan suna da manya. Na ji daɗi har na manta usur yana bakina.

Bai ci kowace ƙwallo ba a sauran wasan. Sani ya kayar da shi a wasu, don tsohon ginshiƙi ya san dabarun da ba a gani daga waje. Amma duk wadda ya taɓa, a ƙafar namu ta sauka. Na je wurin Alhaji Mudi na ce masa ya daina kallon sama, ya dubi ƙasa. Ya duba na ɗan lokaci, ya ce shi dai har yanzu Usama ya fi cika masa ido, amma jesi yana shago, a aiko.

Usama ban bar shi ya ji a bakin wasu ba. Na kira shi na ce, "Kai ba ginshiƙi ba ne. Kanka korar ƙwallo yake yi, ba ajiyewa ba. Akwai wurin da ake neman mai kora." Ya yi fushi, ya yi mako biyu bai zo ba, sannan ya dawo na mayar da shi baya, gaban gola. Da shekara ta zagayo ya shiga manya a wannan guri, kuma ban taɓa samun mai tsaron baya kamarsa ba. Shekarun da suka yi tare, Usama yana kora daga baya, Hamza yana ajiyewa a tsakiya, su ne mafi daɗin shekarun aikina. To kai mai cewa a jera su a ɗauki dogo, da na bi taka da na yi asarar biyun duka.

Ran nan dai, da aka kira magariba yara suka watse suna ɗauke raga, Sani ya ɗingiso ya zo ya ture ni gefe ya zauna a kan tayar nan tare da ni. Ya kwance takalmansa ya ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya. Daga nesa Hamza yana tsaye riƙe da jakar Baffansa da hannu biyu, yana jira, ya kasa matsowa. Sani ya dube shi, ya kai hannu yana murza kafaɗarsa ta dama, yana murmushi.

Ya ce, "Kabtin, wallahi yaron nan ya fi da can nauyi."